Agogon Jikin Inna

Mutumin da ya tarbe mu a filin jirgi yana riƙe da kwali mai sunana, sunan ma bai rubuta shi daidai ba. Dillalin asibiti ne, irin masu haɗa majinyatan ƙasarmu da likitocin Indiya. Tun muna gida ya rantse mana ta waya cewa akwai ɗaki dab da asibiti, akwai kuma wata mata mai jin Hausa da za ta zauna da Inna duk lokacin da likita zai gan ta. Saboda matar nan kaɗai dangi suka yarda ni in yi rakiyar. Da na tambaye shi ita a cikin mota, sai ya karkaɗa kai irin nasu, wanda ba ka sanin i ne ko a'a, ya ce gobe. Har muka bar ƙasar goben nan ba ta waye ba.

Dole in faɗi abin da ya sa matar take da muhimmanci haka. Ni ne ɗan farin Inna. Ita 'yar Dalijan ce, jinin Fulani, aure ya kai ta Kalgo gidan masunta. A wajensu uwa ba ta kiran sunan ɗan fari, ba ta yi masa magana kai tsaye, ba ta ma yarda a kama ta tana kallonsa. Da aka yaye ni aka kai ni wurin kakata a Gwandu, can na tashi, can na yi karatu, can nake koyarwa a makarantar sakandare har yau. In na je Kalgo gaisuwa nakan durƙusa a bakin ƙofa, ita kuma ta juya wajen Gwaggo Hure, ƙanwar marigayi babana, ta ce, "Hure, tambayi yaron ga ko ya ci abinci." Gwaggo ta tambaye ni, in ba Gwaggo amsa, alhali mu uku muna kan tabarma guda. Ban taɓa jin haushin abin ba, haka na buɗe ido na gani. Da aka gano ciwon daji a hanjinta aka ce sai waje, sai aka duba duk gidan, ni kaɗai ke jin Turanci.

Zangonmu na farko wani ɗaki ne a bene na uku, a unguwar da sai ka hau keke mai ƙafa uku ka yi tafiya mai nisa kafin ka ga asibitin. Ɗakin ba shi da taga ko ɗaya. Kwan lantarki ne fari fat a tsakiyar rufi, in ka kashe shi duhu, in ka kunna shi rana. Na rataya zani a tsakiya na raba ɗakin biyu, Inna ta ɗauki ɓangaren bango. Ta fito da 'yar wayarta mai madannai ta tura ƙarƙashin matashi, duk da layinta ya daina aiki tun da jirgi ya tashi. Ni nake duba agogo in ce wa iska, "Azahar ta yi," sai in ji motsin buta a bayan zanin. Wannan ita ce hirarmu.

Ban ji kewar gida ba a makonnin farko, ban ji tsoro ba, ban ji komai ba. Ina tashi, ina dafa shinkafa, ina tsayawa a layi, ina sa hannu inda aka nuna mini. Abincinsu yaji ne da wani ƙamshi da ke bin mutum har cikin riga. Wata rana na tsinci kaina tsaye a gaban mai sayar da kifi a bakin titi, ina kallon kifin da ban san sunansa ba, har mutumin ya gaji ya kore ni da hannu. Ban san tsawon lokacin da na yi a wurin ba.

Likitar da aka haɗa mu da ita mace ce, gajera, mai furfura a gaban goshi, tana magana da sauri kamar ana bin ta bashi. Ranar farko ta yi ta jero tambayoyi, ni ina juyawa Hausa, Inna tana kallon ƙafafunta. Ina ne ke ciwo? Shiru. Yaya bayan gida yake? Nan Inna ta ja mayafi ta rufe rabin fuska, ni ma kunyar ta kama ni. Da likitar ta tambayi lokacin da take barci da lokacin da take tashi, na ga shirun ya yi yawa, sai na amsa mata da kaina. Na ce kamar kowa, bayan isha'i ta kwanta, da asuba ta tashi. Ban yi ƙarya da gangan ba. Haka kakata take yi a Gwandu, na ɗauka haka kowace tsohuwa take yi. Likitar ta rubuta, ta ɗaura wa Inna wani abu kamar agogo a hannu, ta ce kada a cire shi, yana lura da motsinta da hutunta.

Aka sa mata ruwan magani karo na farko, muka koma ɗakinmu marar taga. Ni dai abin da nake ji a bayan zani shi ne ƙarar ƙofar banɗaki da zubar ruwa. Na ga tana yawan wanki, tana shanya zannuwa a kan igiyar da ta ɗaura a ɓangarenta, na ce tsafta ce irin ta tsofaffi. Abincin da nake turawa yana dawowa kusan yadda ya tafi. In na kira Gwaggo Hure da wayata na miƙa wa Inna, sai in ji tana cewa, "Lahiya lau muke, Hure. A gaida mutan gida." Ba ta son a tayar wa kowa hankali a Kalgo, ga shi kuma ina tsaye ina jiran wayata. Wata safiya na ce wa iska rana ta fito, ban ji motsi ba. Na ɗaga zanin, karo na farko. Tana kwance a ƙasa kusa da ƙofar banɗaki, leɓɓanta sun bushe sun tsattsage.

Matar mai gidan ce ta taimake ni muka sauko da ita, wata mai jan ɗigo a goshi wadda ba mu taɓa gaisawa ba sai da kai. Ita ta tsayar da mota, ita ta rungume kan Inna a cinyarta har asibiti, tana yi mata magana da yarensu kamar mai lallashin jariri. Dillalin kuwa na kira shi har na gaji, wayarsa a kashe. Ban sake ganinsa ba, kuma ko zaginsa ban samu ƙarfin yi ba.

Zango na biyu gadon asibiti ne. Da Inna ta farfaɗo likitar ta kira ni ofishinta, ba ta ko ce in zauna ba. Ta ce gudawa ce ta kwanaki ta tsotse ruwan jikinta, saura kaɗan ƙodarta ta tsaya, kuma da an faɗa tun ranar farko da ƙwaya biyu ta isa. Ta tambaye ni, ni da nake ɗaki ɗaya da ita, yaya aka yi ban sani ba. Na buɗe baki in yi mata bayanin ɗan fari, sai na ga Turancina kaf bai da wurin ajiye wannan magana. Na ce al'ada ce. Ta dube ni ta saman tabarau.

Sannan ta juyo mini da allon kwamfutarta ta nuna mini abin da agogon hannun ya tattara. Ta ce matar nan ba ta barcin dare. Ko kaɗan. Ta ce in aka lissafa bambancin lokaci tsakanin ƙasarsu da tamu, jikin Inna yana farke ne daidai lokacin da garinmu ke barci, yana neman kwanciya lokacin da hantsi ya yi a can. Wannan ba gajiyar jirgi ba ce, in ji ta, tsohon sabo ne.

A nan ta zauna, ta sassauta murya, ta yi mini karatun da ban nema ba. Ta ce kowace ƙwaya a jikin mutum tana ɗauke da rubutun halittarta, kuma kullum rubutun nan yana samun ɓarna, daga hayaƙi, daga zafin rana, daga aikin jiki na yau da kullum. Jiki yana da masu gyara. Amma gyaran ba ya tafiya da ƙarfi ɗaya dare da rana, akwai wasu ƙwayoyin gado da aikinsu shi ne riƙe lokaci, su ke cewa yanzu a gyara, yanzu a rabu a hayayyafa, yanzu a huta. Hasken da ido ke gani da lokacin cin abinci su ke saita su. In mutum ya shekara da shekaru yana juya dare ya zama rana, saitin yana iya rikicewa, ɓarna ta riƙa wucewa ba a gyara ba, kuma ana zaton hakan na ƙara haɗarin wasu cututtukan daji. Ta ce shi maganin da suke sa wa Inna ɓarna yake yi da gangan don ya kashe ciwon, lafiyayyun ƙwayoyi kuma su gyara kansu. Shi ya sa take son ta san agogon jikin majinyaci, ko za a dace da lokacin da jikin ya fi iya ɗauka. Ta ce wannan fannin har yanzu bincike ake yi, ba ta yi mini alkawarin komai ba.

Ni ɗan masunta ne ko da ban taɓa jefa taru ba, don haka na gane ta ta hanyata. Akwai lokacin shiga ruwa, akwai lokacin zama a inuwa a ɗinke inda ya yage. Wanda ya hana taru lokacin ɗinki, wata rana zai jawo shi ba kifi.

Ƙarshen maganarta shi ne abin da ya tsaya mini. Ta ce ba za ta sake sa wa Inna ruwan nan ba sai in za a riƙa gaya mata kullum abin da take ji, ciki da baki da yatsu, ba ɓoye-ɓoye. In ba haka ba maganin zai riga ciwon kashe ta, gara mu koma gida. Ta ba mu mako guda, ta kuma ce in nemi ɗaki mai taga.

Na fita harabar asibiti na kira Gwaggo Hure. Da na tambaye ta lokacin barcin Inna sai ta yi dariya har da tari.

"Lawali, kai dai baƙo na gidanku! Yaushe rabon uwarka da kwanan dare? Masunta su hito ruwa da marece, mu gyara kihi, mu jera bisa banda. Ita ka tsaron wuta har asuba, kar shi ƙone kar shi yi ɗanye. Sai hantsi taka kwantawa. Duk Kalgo wa bai san bandar uwarka ba?"

Ni ban sani ba. Kifin da ake aiko mini Gwandu cikin kwando tun ina yaro, na ci shi na siɗe hannu, ban taɓa tambayar da wane lokaci ake yinsa ba. Na roƙi Gwaggo ta lallashi Inna ta riƙa faɗin abin da ke damunta. Gwaggo ta ce, "In ta hwaɗa min, kai za ni hwaɗa ma wa, kuma ta sani. Kana ganin uwarka za ta aiko ma da zancen bayan gida ta bakina? Sai dai ka yi ta addu'a."

Zango na uku matar mai gidan ce ta samo mana shi, ɗakin ƙanwarta a wani layi kusa da asibiti, mai taga tana kallon gabas da bishiyar darbejiya a gabanta. Darbejiyar nan ita ce abu na farko da na gani a ƙasar wanda na san sunansa. Na sake rataya zani. Na zauna a ɓangarena na yi wa bango bayani da ƙarfi, duk abin da likita ta ce, har da misalin taru. Na ce in ba a samu mai faɗa ba, jirgi za mu hau. Kwanaki suka yi ta wucewa, ina dafa kunun shinkafa ina turawa, ina karɓar kwano. Na fara duba ranakun jirgi a wayata ba tare da na ji komai a raina ba, kamar mai duba wa wani.

Ana saura kwana ɗaya mu koma wurin likita, bayan azahar, rana ta cika ɗakin, sai na ji muryarta a bayan zani.

"Hure. Kina jina?"

Na ɗauka ruɗewa ce ta zo mata. Na leƙa ta gefen zanin. Tana zaune ta ba ni baya, fuskarta a bango, 'yar wayarta a kunne. Wayar da ba ta da layi, wadda rabonta da caji tun Kalgo. Har na buɗe baki zan ce ai ba ta aiki, Allah ya taimake ni na rufe.

"Ki hwaɗa ma yaron ga, shi hwaɗa ma likita. Cikin ga ba ya riƙe komi, in na sha ruwa yanzu, yanzu shi hita. Bakina duk gyambo na, kunu ma kamar barkono. Yatsuna sun mutu, ba ni jin 'ya'yan tazbaha."

Na koma na zauna a inda nake. Na dubi zanin na ce, "Gwaggo, ki tambaye ta, da wane lokaci abin ya fi tsanani?"

Har na ɗauka na ɓata al'amarin. Sai ta ce, "Ki ce mishi in rana ta take. Da sanyin sahiya da sauƙi."

Haka muka samu tafinta. Kullum bayan azahar Inna takan ɗauko wayar ta juya wa zani baya, ta kira Hure, ni kuma in amsa wa Gwaggo. Abin da ba a faɗa tsakanin uwa da ɗan fari duk ya bi ta cikin mataccen ƙarfen nan ya wuce, ban taɓa ganin fuskarta ba tana faɗa, ita ma ba ta ga tawa ba. Da safe in kai wa likita. Ta rage ƙarfin maganin, ta sauya lokacin sa shi, ta ce a riƙa zaunar da Inna a bakin taga da hantsi, a kuma tsayar mata da lokacin cin abinci. Karo na biyu ya zo ya wuce, Inna ta sha wuya amma ba ta faɗi ba. Na tambayi likita ko sauya lokacin ne ya yi aiki. Ta ɗaga kafaɗa ta ce wataƙila shi ne, wataƙila ragin ne, wataƙila don yanzu ana gaya mata gaskiya da wuri.

Wata rana likitar ta ce tana son sanin tun yaushe Inna ta fara aikin dare. Na kai tambayar ta hannun Gwaggo kamar kullum. Ran nan ba a amsa ba, na ji an mayar da waya ƙarƙashin matashi. Sai washegari, ban ma sake tambaya ba, ta ɗauko da kanta.

"Hure, ke kin sani ai, kina gidan. Randa anka kai shi yaye Gwandu, cewa anka yi kwana kaɗan na. Sai tsohuwa tac ce ta riƙe shi. Mi za ni cewa? Ɗan hwari na, in buɗe baki a yi min dariya gari duka. In dare ya yi nono shi cika, idona biyu, ina jin kukan ɗiyan maƙwabta. Nic ce da in kwanta ina kallon rufin ɗaki, gara in tashi in tsare ma mutane wuta. Shi ke nan jiki yas saba. Ko da sauran ɗiya sunka zo, kwanan bai dawo ba."

Sannan ta ƙara, "Wannan kar ki hwaɗa mishi. Ki ce dai tun da ƙuruciya."

Akwai hankaka a kan darbejiya, shi na yi ta kallo. Na jira in ji wani abu ya taso mini, kuka ko fushi, ba abin da ya zo. Na tashi na wanke kofuna biyu da suke a wanke. Na ce, "To, Gwaggo."

Da safe na gaya wa likita tun da ƙuruciya. Da zan fita na tsaya a ƙofa na tambaye ta ko rashin barcin daren ne ya jawo ciwon. Ta cire tabarau ta ce babu likitan da zai iya nuna abu ɗaya ya ce shi ne. Ga hayaƙin da ta shaƙa shekara da shekaru, ga shekarun kansu, ga gado, ga abin da ba wanda ya sani. Na gode mata. Amsar gaskiya ce, sai dai ba ta sauke mini komai ba.

Muka gama abin da za a iya yi. Ciwon ya ragu, bai tafi ba, aka sallame mu da ƙwayoyi da takardar da za mu kai wa likitan gida. Matar mai gidan ta rako mu har mota ta cusa wa Inna ƙullin wani busasshen ganye a hannu, har yau ban san na mene ne ba.

A Kalgo gida ya cika da 'yan sannu da zuwa. Inna ta koma kan tabarmarta, ta koma yadda take, ko inda nake ba ta duba. An hana ta banda, wata jikar Gwaggo ce ke tsaron wuta. Na kwana biyu na shirya komawa Gwandu, don makaranta ta daɗe da buɗewa. Na durƙusa a bakin ƙofa na yi sallama. Gwaggo Hure tana zaune gefenta, kafaɗa da kafaɗa, tana jiran a ba ta saƙo kamar yadda aka saba. Sai Inna ta laluba ƙarƙashin matashi ta ɗauko wayar, ta juya fuska bango.

"Hure, ki ce mishi shi riƙa kwana da dare. Can Indiya ina jin shi, juyi yaka yi har sahe. Aikin makaranta ba ya ƙarewa."

Gwaggo ta dube ta, ta dube ni, ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Ga ni zaune, wace Hure kika kira?"

Inna ba ta sauke wayar ba. Ni ma ban dubi Gwaggo ba, na dubi bangon da take kallo na ce, "Gwaggo, ki ce mata na ji."

Damina biyu ta ƙara a duniya. Da aka zo rabon kayanta na ce a ba ni wayar kawai, ƙannena suka yi ta mamaki, wai ko kunnuwa ba ta yi. Tana cikin aljihun rigar da nake zuwa makaranta da ita. Ban taɓa sa mata caji ba.